Wace na'urar ECG ta dace da ƙaramin asibiti a Garwa?

Duk mai niyyar sayen na'urar ECG, wato mai zana aikin wutar zuciya a kan takarda, don ƙaramin asibiti a Garwa, Marwa ko Kusseri da ke arewacin Kamaru, ya kamata ya fara sanin abin da take zanawa. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma wutar da ke motsa ta tana tashi ne daga wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da ke hutawa. A zanen da na'urar ke fitarwa, ɗan tudun da ake kira P yana nuna wucewar wutar ta ɗakunan sama, tsinin QRS na ɗakunan ƙasa ne masu tura jini, T kuwa komawarsu hutu.

Zaɓina, ba tare da wani kokwanto ba, shi ne na'ura mai fuska 12. Ana maƙala wa majiyyaci waya 10, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji daga V1 zuwa V6, sai ta leƙa zuciya ta ɓangarori goma sha biyu. Da haka ne likita ke gane inda jijiya ta toshe, domin idan layin ST, wato wanda ke tsakanin QRS da T, ya ɗaga a fuskokin da ake kira II, III da aVF, ya san ƙasan zuciya ne ya rasa jini. A nemi mai batir a cikinta saboda ɗaukewar wuta, wadda kuma ake samun takardarta a kusa. Cardiopad, ƙaramin allon ECG na injiniya Arthur Zang, ɗan Kamaru da ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2014, yana da amfani inda babu likitan zuciya, tunda yana aika sakamako ta layin waya. Agogon hannu dai fuska ɗaya yake gani, bai isa asibiti ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan gwanjo da ake wankewa a sayar a matsayin sababbi. Na taɓa sayen wata na'ura irinsu daga hannun wani dillali, kwalinta fes, amma duk wanda na auna sai tsininsa ya fito gajere, har sai da wani likita ya ɗora yatsa a kan alamar gwajin da ke farkon takardar ya nuna mini ba ta kai tsayin manyan gidajen dara biyu na takardar ba, wato milimita 10. Ƙa'ida ita ce alamar ta kai milimita 10, takarda kuma ta yi gudun milimita 25 a daƙiƙa. Saboda haka kada a biya ko sefa ɗaya sai an kwanta a shagon an auna kai, an ƙirga bugun jijiyar hannu an gwada da adadin bugun da na'urar ta nuna. A lanƙwasa kowace waya a ga ko zanen zai yi rawa, domin wayoyin jabu a bakin mahaɗi suke karyewa. Takarda mai arha kuma zafin watan Afrilu yana goge rubutunta a cikin aljihun tebur, har a buɗe fayil ɗin majiyyaci a tarar da farar takarda.