Jar damfa ta yi ƙarko, amma sarƙata ce ke biyan kuɗin

Masu babur Boxer a nan Gadarif ta Sudan, ga abin da na gani game da jar damfar nan mai tauri da ake ta yabo a shagunan kayan babur, wato robobin da ake sawa a tsakiyar tayar baya don su shanye bugun inji. A taƙaice tana da ƙarko, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai kafin in kai gare ta sai da wani mai shago ya ƙona mini rai, kuma har yau abin bai fita daga zuciyata ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan gyara suka daina zuwa mana daga Khartum yadda aka saba, kowa na sayar da abin da ya samu ta Port Sudan ko ta kan iyaka, kuma duk leda an rubuta mata Indiya. Da tayar bayana ta fara ƙarar nan ta "kwas" duk lokacin da na saki kuloci ko na sassauta totur, na san robobin da ke tsakanin hob, wato cibiyar taya, da kwanon sufoket sun cinye. Na je wani shago a kasuwa, mutumin ya ɗauko mini baƙa, ya rantse har da dafa ƙirji wai ta kamfani ce. Yaronsa ya kwance taya, ya lakuto giris da yatsa ya shafe robobin tas don su shige da sauƙi, ya buga kwanon da guduma, na biya na tafi.

Lokacin girbin riɗi ne. Na ɗauko buhuna daga wani ƙauye ta wajen Doka, ga ruwan ƙarshen damina ya taɓa ƙasa, kuma kun san baƙar lakar nan tamu, idan ta jiƙa riƙe taya take yi ta ƙi saki. Giya ɗaya, giya biyu, saki kuloci, kama kuloci, haka na yi ta fama. Ban kai kwalta ba ƙarar ta dawo, wannan karon ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Babur na fizga, sarƙa na tsalle, buhu na neman zamewa, rana ta kusa faɗuwa. Sauka na yi na tura shi ta cikin laka, takalmina ɗaya ma can ya zauna. Damfar da ko wata ba ta cika ba!

Wani dattijon usta, wato makanike, Bahaushe ɗan'uwanmu da ke gyara a bakin titi, shi ya buɗe mini. Da ya zare kwanon, robar ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin da ya kwana, gefenta duk ya marmashe, baƙin gari na zuba a hannunsa. Ya shinshina yatsansa ya ce, "Ɗana, wa ya sa maka giris a nan?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce giris da baƙin mai da fetur duk cin irin wannan roba suke yi, ruwan sabulu kawai ake shafawa ta shige, in ya bushe ta kama. Ya ƙara da cewa ko ba giris, wannan robar ba ta da kyau tun asali. Na ce, "Baba, to yanzu fa?" Ya miƙo mini jar, irin ta foliyuritan, wadda mai bai cika yi mata illa ba.

Kafin ya saka sai da ya wanke ramukan hob ɗin ya goge su ƙal, ya juya boris ɗin kwanon sufoket da yatsa ya saurara, domin idan boris ya yi wasa kwanon karkacewa yake yi ya ci roba ta gefe ɗaya. Ya saita sarƙa ya bar mata sassauci wajen santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Wannan aikin nasa shi ne abin da na fi yabawa a duk lamarin, kuma kuɗin hannun da ya karɓa bai kai na wancan yaron ba.

Jar ta ba ni mamaki. Ta wuce kaka, ta wuce sanyi, ta shiga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga zafin birki da ke bin hob ɗin yana gasa duk abin da ke ciki. Idan na ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya na riƙe taya na jijjiga sufoket gaba da baya, wasan da nake ji kaɗan ne ƙwarai. Da a makonnin farko na rubuta wannan sharhi, da cewa zan yi kowa ya je ya saya.

Amma fa aikin damfa shi ne ta shanye bugun inji kafin ya isa taya, kuma roba mai tauri ba ta shanyewa sosai. Bugun da ba ta shanye ba yana tafiya wani wuri. Yanzu duk canjin giya a ƙugu nake jin sa, matata ma da ke baya ta yi ƙorafi. Sarƙata ta fi saurin saki, ina yawan komawa a ja ta, haƙoran sufoket sun fara lanƙwasa tun lokacinsu bai yi ba. Ku kwatanta kuɗin sarƙa da sufoket da kuɗin roba a wannan marra, ku ga inda ribar ta tafi. Kuma duk wannan da wancan mai rantsuwar ya ba ni baƙa ta gaske, yaronsa ya ajiye girisinsa, da ban shiga ciki ba.

Maƙwabcina na hawa da baƙa ta asali tun kafin yaƙi. Da ta fara wasa, tsohon tub ya yanka ƙanana ya cusa a gefen kowace roba ya cike gurbin, ta sake kamawa. Ba ya tashi da fizga, ba ya jan babur da babbar giya a ƙaramin gudu, in zai wanke sarƙa da kananzir yana kare wajen hob. Tasa na nan. Dabarar tub ɗin na aiki ne idan robar ta lotse kawai, wadda ta tsattsage kam sai canji.

Mai ɗaukar kaya kullum a hanyar ƙauye, wanda ba ya son buɗe taya kowane ƴan watanni, jar za ta yi masa, ya dai sa ido a kan sarƙarsa. Mai zirga-zirgar cikin gari da iyali ya nemi baƙa mai kyau, ya tsaya a kan mai gyara har a gama, kada ya bari a kusanto da giris. Ni idan wannan ta ƙare baƙa zan koma, kuma wajen Baba usta zan kai a saka. Wancan shagon kuwa ko murfin bawul ba zan ƙara saya a cikinsa ba.