Laminashan EI-96 da na saya: awo daidai, ƙarfe banza

Kilo goma na laminashan, wato fallayen ƙarfe masu siffar E da I da ake jerawa a cikin taransifoma, na ɗauko don naɗa taransifomar sitabilaiza, mai shago ya rantse mini cewa ƙarfen silikon ne mai kaurin milimita 0.35. Maganar gaskiya, a wajen awon faɗi da tsawo ban ga laifinsa ba. Faɗi milimita 96, harshen tsakiya 32, taga 16 da 48, guntun I ɗin ma 16, kuma ramukan noti sun hau juna ba sai an sa guduma ba. Harshen ya shige bobin, wato abin da ake naɗa wayar a kai, sumul. Wanda ya taɓa fama da harshen da ya haura da rabin milimita, yana kankare bobin har ya taɓa waya, ya san darajar wannan.

Da na ɗora maikuromita, na'urar auna kauri, sai na ga 0.5. Na ce to, a haƙura, mai 0.5 ma yana aiki in ƙarfen na kirki ne. Na tara kaurin milimita 50, wato da faɗin harshen ya ba da kusan santimita murabba'i 15 in an cire giɓi, na lissafa zagaye biyu da rabi a kowane bolt, na naɗa zagaye 575 don bolt 230. Ina ba shi wuta ba tare da lodi ba, mita ta nuna kusan rabin amfiya, alhali irin wannan naɗin bai kamata ya kai 0.2 ba. Minti ashirin ba a yi ba, ƙarfen ya ƙi taɓuwa, waya kuwa da sanyinta.

Sai da na warware na gane. Shafa yatsa a bakin kowane falle, za ka ji ƙaya tana kama fata, alamar injin yankan ya dakushe. In aka ɗaure noti, ƙayar nan ce ke haɗa falle da falle, wuta ta riƙa zagaye a cikin ƙarfen tana dafa shi. Rabin fallayen ma ba su da shafen da ke raba su, na sa mita a fuskarsu ta yi ƙara nan take, alamar wuta na ratsawa, wasu har da tsatsa ja a tsakiyar ƙunshin inda ido ba ya kaiwa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don da gangan aka jera masu kyau a sama.

Ko rubutun daraja babu a jikin kwalin. Ka tambayi lambar darajar ƙarfen kafin ka biya: 50W470 na nufin asarar wat 4.7 a kilo, 50W800 kuwa wat 8. Ni dai na mayar da sauran, wayar da na ɓata kuma babu mai biya na.