Bashin jari na matan gudun hijira a Gusau, ga abin da na gani

Masu tambayata a inbos kan ƙungiyar nan da ke ba matan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu bashin jari a nan Gusau, wai ko irin masu karɓar kuɗin fom ne su ɓace, to ba irinsu ba ce, ta gaskiya ce, gwaggona na ciki kuma ko sisi ba a karɓi na fom ba.

Tsarin kamar adashe yake. Mata su haɗa kansu rukuni, yawanci waɗanda suka san juna tun gida, 'yan wajen Dansadau daban, na Tsafe ko Zurmi daban, kowa ta tsaya wa 'yar'uwarta. Ba a tambayar takardar gida ko gona, to ina ma za ta samo ta, matar da ta fito da zanin jikinta da goyo ta bar rumbu na cin wuta. Da irin wannan lamunin rukuni ne bankin Grameen ya yi suna a Bangaladash har Muhammad Yunus ya samu kyautar Nobel a 2006, sai dai na nan babu ruwa a ciki, kuma shi ne abin da ya fi kwantar mani da hankali. Ba kuɗi za su damƙa maki ba, ke za ki faɗi sana'arki su sayo kayan su sayar maki da 'yar ribar da aka yi ciniki tun farko, murabaha ke nan, ko kin makara ba ta ƙaruwa. Matanmu da yawa sun gwammace su yi ta surfe da wankau a gidajen mutane da su taɓa kuɗin ruwa.

Gwaggo awara ta zaɓa. Aka sayo mata waken suya da mai da kasko babba, tun asuba ta kai markaɗe, la'asar na yi ta kafa murhu a bakin layi 'yan makarantar allo sun zagaye ta kowa da yajinsa a 'yar takarda. Yanzu ita ke biyan hayar ɗakinta.

Amma akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa ake rajista, alhali wasu katinsu ya ƙone, wasu ma ba su taɓa yi ba, haka na ga wata dattijuwa ta juya tana share hawaye da bakin mayafi, wallahi abin ya tsaya mani a rai. Me zai hana su kawo masu yin rajistar nan ofis ɗin nasu? Sannan ana fara biya sati na zagayowa, jari bai ko zauna ba, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin markaɗe da na Keke suka tashi, ribar tiya guda ba ta taka kara ta karya ba. In yaro ya kwanta da zazzaɓi aka rasa zubin sati ɗaya sai 'yan rukuni su cika, daga nan sai ƙananan maganganu tsakanin matan da tare suka kwana a daji. Su ba da ko wata guda na numfashi mana.

Duk da haka wadda ke da sana'a a hannu ina ba ta shawara ta shiga, ta dai fara da kaya kaɗan, kuma ta tambayi ranar fara biya kafin ta dangwala hannu.