Akwatin fina-finan noir tara: sun ce an gyara, amma duhun suka kashe

Duk wanda zai sayi wannan akwatin mai faifan DVD uku don rubutun da ke jikin kwalin, wai an wanke fina-finan an gyara hotonsu, to ya riƙe kuɗinsa. Babu abin da aka gyara. Fina-finan Amurka ne guda tara, baƙi da fari, irin waɗanda ake kira noir, wato na labarin aikata laifi masu cike da duhu da inuwa, daga 1945 zuwa 1953, kuma dukansu irin waɗanda haƙƙin mallakarsu ya faɗi ne. A tsohuwar dokar Amurka sai an sabunta rajistar fim bayan shekara 28, in ba a sabunta ba ya zama na kowa. Shi ya sa kowane ƙaramin kamfani yake iya tsintar tsohon kwafi ya buga a faifai ya liƙa masa kwali mai ƙyalli. Na san da haka tun kafin in saya. Abin da ban zata ba shi ne ɓarnar da aka yi wa He Walked by Night.

Wannan fim na 1948 ba don labarinsa ake nemansa ba. Labarin 'yan sanda ne suna farautar wani ɓarawo mai kisa, Richard Basehart ya fito a matsayinsa, kuma akwai murya mai bayani da take damun mutum a wurare da yawa. Don John Alton ake nemansa, mai ɗaukar hoton da har littafi ya wallafa a 1949 kan yadda ake sarrafa haske a fim. Ƙarshen fim ɗin a cikin manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin Los Angeles ake yinsa, shekara guda kafin fim ɗin The Third Man ya yi nasa a magudanan Biyana. Kusan babu fitila sai tocila. Mutum yana gudu, hasken tocilarsa yana lilo a jikin bangon kankare mai danshi, can baya kuma layin tocilolin 'yan sanda yana matsowa. Kashi mafi yawa na allon baƙi ne wuluk, kuma wannan baƙin shi ne fim ɗin, domin ba ka san inda rami ya ƙare ba, ba ka san daga ina za a ɓullo ba.

A wannan faifan babu baƙi. Toka-toka ce mai motsi, ta rarrabu gida-gida, tana ɓalɓal duk lokacin da tocila ta gifta. Inda ya kamata haske ya narke a hankali cikin duhu, sai ka ga zobba-zobba kamar an zana da alli. Fuskar Basehart kuwa, da zarar ya juya, sai ta watse ta sake haɗuwa. Wallahi abin takaici ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne kawai. Faifan mai shimfiɗa ɗaya ne, gigabait 4.7 yake ɗauka, ba irin mai shimfiɗa biyu mai 8.5 ba. A kansa suka cusa wannan fim mai minti 79, da Scarlet Street, da Kansas City Confidential, jimilla sama da awa huɗu da rabi. In ka raba, kowace daƙiƙa ba ta samu fiye da megabit 2 da 'yan kai ba, har da sauti a ciki. DVD yana iya ba hoto har megabit 9.8, kuma faifai mai mutunci yakan tsaya tsakanin 5 da 7. Manhajar da ke matse bidiyo, in aka takura mata, wuraren duhu take fara sadaukarwa, domin an gina ta a kan cewa ido bai cika kula da abin da ke cikin inuwa ba. A fim ɗin barkwanci da aka ɗauka da rana tsaka wannan dabarar tana wucewa. A noir kuwa inuwar ce kayan. Ga kuma matsala ta biyu a ƙarƙashin ta farko: kwafin da suka ɗauko ba daga asalin fim mai milimita 35 ya fito ba, alamu duka na kwafin milimita 16 ne da aka sake kwafa daga wani kwafin. Kowane kwafi yana cinye tsaka-tsakin launin toka, fari ya ƙara fari, baƙi ya cushe. Don su ɓoye cushewar sai suka ɗaga hasken gaba ɗaya, baƙin ya koma toka, dattin da ke ɓoye a cikinsa ya fito fili.

Kada wani ya ce laifin talabijin ne. Na kashe abin da ke santsantar da motsi, na kashe mai ƙara kaifin haske da kansa, na kashe mai goge tsaki-tsakin hoto, na daidaita matakin baƙi a kan 16 zuwa 235 yadda bidiyo yake buƙata, na rage fitilar bayan allo. Waɗannan su ne abin da ya kamata kowa ya yi kafin ya kalli tsohon fim baƙi da fari, a ɗaki mai duhu. Sun rage munin, ba su dawo da abin da babu shi a faifan ba.

To amma gaskiya ɗaya ce, faifai na farko ya ɗan sanyaya mini rai. Fina-finansa gajeru ne, Detour minti 68, The Hitch-Hiker minti 71, sai D.O.A., don haka kowanne ya samu wurin numfashi. Detour na Edgar G. Ulmer, 1945, dama a kamfanin talakawa aka yi shi da kuɗi kaɗan, kuma ƙarce-ƙarcen kwafin ba su hana Ann Savage cin fim ɗin ba. Daga lokacin da ta buɗe ido a cikin motar nan ta juyo ta dubi jarumin, Tom Neal, ba ka sake tunawa da ingancin hoto. Ita ba irin matan noir masu yaudara da murmushi ba ce, da tsawa da cizon magana take kama mutum. Wani abin lura: a wajen da jarumin yake tsayar da motoci a hanya za ka ga motoci suna bin hagu, direba yana dama. Wannan ba kuskuren faifan ba ne, haka fim ɗin yake tun asali, juya hoton aka yi a wajen haɗawa. The Hitch-Hiker na Ida Lupino shi ma ya fito ba laifi, domin yawancinsa a hamada ne cikin rana, kuma idon William Talman da ba ya rufuwa ko yana barci yana nan yana tayar da tsigar jiki. A nan mutum yake gane abin da ya sa masoya ba sa gajiya da waɗannan fina-finan. Ba jarumta ake sayarwa ba. Mutum ne kamar kowa, ya yi ƙaramin kwaɗayi ko ƙaramar ƙarya, ƙofa ta rufe a bayansa, kuma tun minti goma na farko ka san ba zai fita ba, amma ka kasa tashi. Har na fara cewa a wannan farashin, araha ba ta ado, a yi haƙuri.

Sai na sa faifai na uku, haushin ya dawo sabo. The Stranger na Orson Welles, 1946, an ɗauke shi a tsarin allo na wancan zamanin, faɗi 1.37 a kan tsayi 1, kusan murabba'i. Talabijin na yanzu 1.78 ne. Abin da ya dace shi ne a bar baƙin shafi dama da hagu. Su kuwa sai suka zuƙo hoton don ya cika allo, wanda ke nufin an yanke kusan kashi 23 cikin 100 na tsayinsa, sama da ƙasa. Fim ɗin da hasumiyar agogo take tsakiyar labarinsa, wanda Russell Metty ya riƙa ɗauka daga ƙasa ana kallon sama, an sare masa kai. Hulunan mutane sun tafi, goshin Edward G. Robinson yana gogar bakin allo. Da miƙe hoton suka yi, da maɓallin 4:3 na rimot ya gyara shi. Yankewa ba ta da magani.

Scarlet Street na Fritz Lang ma bai tsira ba. Minti 102 ne, a nan 98 yake nunawa. Ba yanka aka yi ba, daga kwafin tsarin PAL aka ɗauko shi, inda ake gudanar da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, fim ya ƙara sauri da kashi 4 cikin 100, muryoyi su ɗan sirance. Wannan kaɗai da sauƙi, mun saba da shi. Amma sautin yana riga baki da kusan rabin daƙiƙa daga tsakiyar fim zuwa ƙarshe, kuma ƙarshen nan, inda muryoyin matattu suke bin Robinson, wanda shi ne jarumin wannan fim ɗin, a ɗakin haya, da sauti aka gina shi. Babu rubutun ƙasan allo ko ɗaya a duk akwatin, ga Turancin 'yan daba na shekarun 1940 mai gudu, ga shuuu na tsohon sauti a bayansa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gyararrun kwafi suna nan. Detour an yi masa gyara na gaske a 2018, da taimakon wani kwafi mai kyau da aka samu a rumbun adana fina-finai na Beljiyam, har sai da aka bi aka cire rubutun fassarar da ke manne a jikin hoton. Too Late for Tears, wanda shi ma yake cikin akwatin nan a dagule, rumbun fina-finai na jami'ar UCLA ya gyara shi. Faifan da aka yi wa aiki yakan faɗa a bayan kwali daga wane kwafi aka ɗauko da kuma wa ya yi gyaran. Wannan bai faɗi komai ba. Tauraro biyu cikin biyar, kuma dukansu na faifai na farko ne. He Walked by Night da The Stranger a nemi kowanne shi kaɗai a faifansa, a duba an rubuta 1.37:1 ko 1.33:1 a bayan kwalin kafin a biya.