Gwajin furotin a naman sankarar harshe: abin da ya amfane mu da wanda bai amfane mu ba

Duk wanda aka gaya wa ɗan'uwansa na da sankarar baki, da wuya a wuce ba a yi masa tayin ƙarin gwaji a kan naman da aka yanka ba. Mu ma an yi mana lokacin da aka cire wa yayana ƙari a gefen harshe, muka kuma karɓa duka. Ra'ayina a yau shi ne aikin yana da kyau, amma ba dukkansa ne ya kamata a sa majiyyaci ya biya ba.

Aikin da ɗakin gwajin ke yi shi ne su daskarar da naman cikin kaki, su yanyanka shi siriri fiye da silin gashi, su ɗora a kan gilashi, sannan su zuba wani rini da ke kama furotin guda ɗaya tak. Inda furotin ɗin yake, wurin sai ya koma ruwan ƙasa a madubin likita. Namu an rina shi don neman furotin biyar: p53, p16, EGFR, E-kadherin da PD-L1.

Abin da ya fi komai daraja a wurina shi ne zaman da likitar binciken nama ta yarda ta yi da mu. Ta haska gilashin a allon kwamfuta, ta fara da gefen da ke da lafiya. Ƙwayoyin halittar a jere suke, kowace da zobe mai ruwan ƙasa a kewayenta. Wannan zoben shi ne E-kadherin, furotin da ke riƙe ƙwaya da maƙwabciyarta kamar siminti tsakanin bulo. Da ta matsa zuwa bakin ƙarin, inda yake kutsawa cikin tsoka, sai zoben ya dusashe, ga ƙwayoyi uku-uku, huɗu-huɗu sun ɓalle sun yi gaba. Yayana ya nuna allon da yatsa ya ce, "Likita, waɗannan ne masu tafiyar?" Ta ce, "Su ne, Malam, su muke bin sawu."

Daga nan ta yi mana bayanin sauran tafiyar. Ƙwayar da ta saki 'yan'uwanta sai ta ratsa wata siririyar shimfiɗa da ke ƙarƙashin fatar baki, kuma akwai furotin irin su MMP-2 da MMP-9 da ke narkar da wannan shimfiɗa su buɗe mata hanya. Wani kuma, VEGF-C, yana sa sabbin hanyoyin ruwan kaluluwa su tsiro kusa da ƙarin. Shi ya sa sankarar harshe takan fara sauka a kaluluwar wuya kafin ta je ko'ina. Shi kuwa p53 aikinsa tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta mutu, kuma a yawancin sankarar bakin da ke da alaƙa da taba da giya an same shi a gurgunce. Wallahi ban taɓa ganin an mayar da abu mai ban tsoro ya zama abin fahimta irin wannan ba, kuma na ga yadda hankalin yayana ya kwanta don ya san da me yake yaƙi.

To amma da muka kai takardar wurin likitan fiɗa, ba furotin ya fara dubawa ba. Layi ɗaya ya nema: zurfin da ƙarin ya nutse cikin nama. Tun 2018 da aka fara aiki da sabon tsarin tantance matakin sankara na Amurka, wannan zurfi ya shiga lissafi: milimita 5 ko ƙasa, tsakanin 5 da 10, sai abin da ya haura 10. Na yayana ya wuce 5, a kan haka aka yanke shawarar cire kaluluwar wuya duk da hoto bai nuna komai ba. Likitan ya ambaci binciken asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, wanda aka wallafa a 2015, da ya nuna cire kaluluwar tun da wuri ya fi jira har ta kumbura wajen ceton rai. Wannan awo yana cikin gwajin farko na yau da kullum, ba ya buƙatar ko rini ɗaya daga cikin na ƙari.

A nan ne nake da ƙorafi. An sayar mana da gwaje-gwajen biyar a dunƙule, ba wanda ya ce mana wanne ne zai canza magani. Shi p16 yana da muhimmanci ƙwarai a sankarar maƙogwaro da tushen harshe, inda yake nuna hannun ƙwayar cutar HPV, amma a gefen harshe ba a gina shawara a kansa. EGFR ana samunsa da yawa a kusan duk irin wannan sankara, kuma yawansa ba ya nuna ko maganin cetuximab, wanda aka amince da shi don sankarar kai da wuya a Amurka a 2006, zai yi wa mutum aiki. E-kadherin da ya burge ni haka, har yanzu na masu bincike ne, ba a zaɓen magani da shi. PD-L1 ne kaɗai ke da ƙofa sananniya: tun 2019 ana duba shi kafin a ba da maganin pembrolizumab shi kaɗai ga wanda cutar ta dawo masa ko ta bazu. Mu ba mu kai nan ba, Allah kada ya kai mu, kuma da yake suna adana dunƙulen kakin, ana iya yin gwajin duk ranar da buƙata ta taso.

Sakamakon ma ya yi jinkiri fiye da yadda aka alkawarta, a lokacin da kowace rana ke da nauyi, kuma an rubuta shi da yaren da likita kaɗai ke ganewa. Ba don mun nemi zama da likitar da bakinmu ba, da takarda kawai za a miƙo mana.

Wanda ke wannan mataki, ya tabbatar rahotonsa ya faɗi zurfin ƙarin, da ko gefen yankan ya fita tsaf, da ko cutar ta bi jijiya. Kowane rini da aka yi masa tayi, ya tambayi likitan da zai yi maganin ko sakamakonsa zai sa a canza wani abu. Ya kuma nemi a nuna masa gilashin, a zauna a yi masa bayani. Wannan kam zan sake biya ba tare da na yi tunani sau biyu ba.