Darasin jera lambobi a wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Titin Gidan Zoo

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a Gwammaja, kuma abin da ya kai ni wannan cibiya shi ne kundin dokokinmu, wanda shugabanni suka ce a ɗora shi a intanet domin 'yan'uwanmu mazauna wasu garuruwa su riƙa dubawa. Na yi mako huɗu ina halartar ajin HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, bayan sallar La'asar.

Kafin zuwana, da hannu nake buga lambar kowace doka, saboda haka duk ranar da taro ya soke wata a tsakiya sai na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa. Malamin, wani matashi mai haƙuri, ya duba aikina ya ce, "Alhaji, ka bar wa kwamfuta ƙidaya." Ya nuna mini alamar ol da ke buɗe jeri, da li da ke riƙe kowace doka, sannan ya sa na goge doka ta 4 da kaina a Notepad, manhajar da muke rubuta shafin a cikinta. Da na sake buɗe shafin a Chrome, manhajar duba shafukan intanet, sai na tarar ta 5 ta koma ta 4, na bayanta duk sun matso, alhali ban taɓa lamba ko ɗaya ba.

Inda na fi jinjina masa shi ne wajen ƙananan sassa, domin kundinmu cike yake da su. Ya bayyana cewa ƙaramin jeri a cikin li ake sa shi kafin a rufe ta, wanda a nan ne yawancinmu muka yi ta tuntuɓe, kuma type="a" ne ke mayar da lambobi haruffa, type="i" kuwa lambobin Romawa. Idan bayani ya katse jeri, start="12" zai sa ƙidaya ta ci gaba daga 12, kuma ko da haruffa ake jerawa lamba ake ba shi, wato start="3" shi ne harafin c. Wani malamin Islamiyya da ke kusa da ni ya tambayi lambobin Larabci, nan take aka nuna masa arabic-indic a CSS, wato harshen da ke tsara kamannin shafi.

Sai dai akwai gyara. Kwamfutocin ba su ishi ɗalibai ba, mutum uku kan ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta akan daɗe kafin a tayar da janareta. Abin da ya fi damuna shi ne ba a koya mana sa UTF-8, wato tsarin da ke sa haruffa su fito daidai, a saman shafi ba sai da na kai ƙorafi cewa ƙ da ɗ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi, abin da ya kamata cibiyar da ke tsakiyar Kano ta fara da shi. Wanda zai je, ina ba shi shawara ya tafi da kwamfutarsa cike da caji, ya kuma riƙe takardar da yake son jerawa.