Jema ko magarya: wacce ta fi riƙe ƙasa a busasshen gangare mai alli?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da gangaren da yake da shi a wuri mai zafi da ƙarancin ruwan sama. Ƙasar fara ce mai alli, kuma duk sa'ad da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya ga ruwan yana gangarowa fari fat, ɗauke da ƙasar. Yana so ya san ko ciyawar jema zai dasa, ko kuwa itatuwa masu jure fari irin su magarya. Malam, shawarata ita ce ka fara da jema, sannan ka biyo ta da magarya, domin aikin da kowacce take yi daban ne. Sai dai akwai yanayi biyu da za su sa in juya wannan shawara, kuma zan zo kansu.

Ya kamata a fara sanin halin ƙasar, domin ita ce za ta yanke hukunci a kan kowace shuka. Idan ka ɗebi ɗan busasshen ɓarɓashinta ka ɗiga masa ruwan lemun tsami, ka ga yana kumfa yana ɗan tsuwwa, to, allin yana da yawa, kuma ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ƙasa, na irin wannan ƙasa yakan kasance tsakanin 7.5 da 8.5. A wannan mataki sinadarin ƙarfe da fosfaras suna nan a cikin ƙasar, amma sun ɗaure ta yadda saiwar shuke-shuke da yawa ba ta iya zuƙarsu. Alamar tana fitowa ne a sababbin ganyen da ke kan toho, inda za ka ga sun koma rawaya alhali jijiyoyinsu na nan kore shar. Kada ka wahalar da kanka da zuba farar wuta don rage allin, domin dutsen da ke ƙarƙashi zai ci gaba da mayar da ƙasar yadda take. Abin da ya fi shi ne a zaɓi shukar da alli bai dame ta ba, kuma a wannan gwaji jema da magarya duka sun ci, tunda kowaccensu tana rayuwa a ƙasar da ma'auninta ya haura 8.

Inda suka rabu shi ne irin ɓarnar da kowacce take tarewa. Gangare yana rasa ƙasa ta hanya biyu. Akwai wankewar sama, inda ɗigon ruwa ke farfasa ƙasar, gudun ruwa kuma ya kwashe ta, ya fara da ƴan siraran hanyoyi har su zama kwazazzabai. Akwai kuma zaftarewa, inda ƙasar ke jiƙa ta yi nauyi, ta sulale gaba ɗaya daga kan dutsen da take kwance a kansa. Farin ruwan da ka ce kana gani alamar ta farko ce, kuma a nan jema ta yi wa magarya nisa.

Ana dasa jema ne a layi ɗaya da ke ratsa gangaren a kwance, a kan tsayi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane dashe yana da ƴaƴa biyu ko uku, tazarar da ke tsakaninsu kuma santimita 10 zuwa 15, kuma a gangare mai tsauri akan bar mita 1 zuwa 2 na tsayi tsakanin layi da layi. Cikin damina ɗaya ko biyu kututturan sukan haɗe su zama shinge wanda ba shi da kafa. Idan ruwa ya iso sai ya rage gudu, ya bazu, ya tace ta cikin karan kamar ta rariya, ya bar ƙasar da ya ɗauko a bayan shingen. Wanda ya duƙa a gindin irin wannan layi bayan ruwa zai tarar da laka mai laushi da ɓarɓashin ganye sun taru a gefen sama, gefen ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Jema tana fitar da sabuwar saiwa daga gaɓoɓin da ƙasa ta binne, don haka tana hawa tare da tarin, har wurin ya zama matakala da kansa. An ga haka a gonakin rake na tsibiran Fiji, inda masanin noma John Greenfield ya yi amfani da ita a shekarun 1950, kafin Bankin Duniya ya yaɗa hanyar a Indiya a shekarun 1980. Saiwarta ba ta bazuwa gefe, ƙasa take nufa kai tsaye, kuma a wuri mai zurfi tana iya kai mita 3 zuwa 4 a shekarar farko.

Magarya ba za ta yi maka wannan aiki ba ko da ka dasa ta da yawa. Tsakanin gindi da gindi akwai fili tsirara, kuma ruwa zai bi ta nan yadda ya saba, wani lokaci ma ya kewaye gindin ya tone saiwar. A shekaru biyu ko uku na farko ita kanta lallaɓawa take buƙata. Ƙarfinta yana ƙarƙashi ne, inda uwar saiwarta mai kauri ke kutsawa cikin tsagar dutsen alli, ta ɗaure siririyar ƙasar saman da abin da ke ƙarƙashinta, ta kuma samo danshi a inda rani ba ya kaiwa. Wannan shi ne maganin zaftarewa, kuma shi ne dalilin da ya sa magarya takan tsaya da ganyenta a lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus.

Ta fuskar fari kuwa magarya ce a gaba. Jema tana jure dogon rani idan ta riga ta kafu, amma ta fi jin daɗi inda ruwan shekara ya kai kimanin milimita 700, kuma makonnin farko bayan dashe ba ta yafe ƙishirwa. Magarya tana rayuwa da milimita 300 zuwa 500. Gobara da kiwo ba sa kashe jema, domin idon tohonta yana ƙarƙashin ƙasa, magarya ma takan sake tofowa daga kututture, amma ƙananan dashenta suna buƙatar kariya daga awaki.

Yanayi na farko da zai sa in ce ka fara da itace shi ne idan ruwan wurin bai kai milimita 500 ba, kuma ba ka da hanyar ban ruwa a watan farko. Layin jema da ya mutu a wurare ya fi rashinsa haɗari, saboda duk ruwan gangaren zai taru ya bi ta giɓin, ya haƙa kwazazzabo a inda da babu. A nan gara ka jera duwatsu a kwance, ka haƙa ramuka masu siffar rabin wata da bakinsu ke kallon saman gangaren, ka dasa magarya ko kurna a cikinsu. A ƙasashen Arewacin Afirka da Yammacin Asiya, inda ruwa ya fi haka ƙaranci, ana amfani da ƙaramin itacen Atriplex mai jure gishiri da alli. Yanayi na biyu shi ne idan ka soka ƙarfe ka ji dutse mai tauri kafin tsawon taƙi ɗaya, domin zurfin saiwar jema ba zai amfane ka ba idan babu inda za ta shiga. Alli mai taushi da ke ruguzowa a hannu ba matsala ba ne.

Na san za a kawo maka zancen itacen Leucaena, kuma da gaskiyar masu kawo shi, domin asalinta yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, tana son ƙasa mai alli, tana girma da sauri, tana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Duk da haka ba na son a dasa ta ba tare da shirin sara ba, saboda tana zubar da iri birjik, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittu 100 mafi munin mamaya a duniya. Magarya ma ta zama annoba a arewacin Ostareliya, don haka a duba dokar ƙasar da ake ciki kafin a shigar da baƙuwar shuka. Dangane da jema, a nemi nau'in Kudancin Indiya wanda irinsa ba ya tsira, domin yana zama a inda aka dasa shi, sabanin nau'in Afirka da ke yaɗuwa ta iri.

Idan za ka haɗa su, fitar da layukan da abin auna daidaiton tsayi, kamar tiyo mai ruwa ko katako mai siffar A, kada ka dogara da ido. Dasa jema a farkon damina bayan ƙasa ta jiƙa sosai, ka sa ruɓaɓɓen taki a cikin kwarin dashen, ka cike duk wani giɓi tun bai yi wata ba. Idan za ka sa takin yuriya, binne shi, domin a saman ƙasa mai alli yakan tashi ya bi iska. A damina ta biyu sai ka dasa magarya a cikin lakar da ta taru, ɗan nesa da layin, inda danshi ya fi daɗewa. Jema ba ta jure inuwa sosai, saboda haka a riƙa rage rassan magaryar da suka rufe ta, a kuma yanke jemar zuwa kimanin santimita 30 zuwa 50, a shimfiɗa ganyen a filin da ke tsakanin layuka domin ya tare ɗigon ruwa har ciyawa mai yaɗo irin kiri-kiri ta rufe wurin.